Jakar sulallan Momo-la: kwana uku a McLeod Ganj a watan Saga Dawa

Aikin farko da aka ba ni a garin shi ne ɗaukar jaka. Jakar tsumma ce mai zariya, ba ta kai ƙaramin buhun gishiri ba, amma kafaɗata ta ji a jikinta, don cike take da sulalla da ƙananan takardun rupi. Tsohuwar da ta miƙo mini ita ta yi makonni tana tara canjin: wajen mai kayan miya, wajen mai madara, har wajen yaron da ke kawo mata tukunyar gas. Gobe ce ranar goma sha biyar ga watan Saga Dawa, wata mai tsarki a wajen 'yan Tibet mabiya addinin Buda, kuma ta ƙudura cewa ba za ta wuce hannun da aka miƙa mata ba tare da ta ajiye wani abu a ciki ba.

Karatun harhaɗa magunguna nake yi a jihar Punjab ta Indiya. Abokin zamana ɗan Tibet ne da bai taɓa taka Tibet ba, a Indiya aka haife shi, haka ma mahaifiyarsa. A ƙarshen watan Mayun 2024, lokacin da zafi ya hana kowa sakat a Punjab, sai ya ce in biyo shi gida mu sha iska, in kuma ga bikinsu. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Pathankot, muka shiga bas ta yi da mu kimanin kilomita 90 zuwa Dharamsala, daga nan ƙaramar mota ta riƙa nannaɗe dutse da mu har McLeod Ganj, mai tudun kusan mita 2000. A bayan garin duwatsun Dhauladhar ne a tsaye, da sauran ƙanƙara a kawunansu. Nan Dalai Lama, babban jagoran addinin 'yan Tibet, yake zaune tun 1960, shekara guda bayan ya baro Lhasa, babban birnin Tibet, kuma nan dubban mutanensa suka biyo shi.

Momo-la ake kiran tsohuwar. Momo kaka ce mace, shi kuwa “la” ɗin girmamawa ce da suke maƙalawa a bayan suna. Ba a kiran babba da sunansa tsirara: uwa Ama-la, uba Pa-la, malamin makaranta Gen-la. Ni kuma tun daga ƙofa ta sa mini “bu”, wato ɗa, kuma ba ta canza ba har na bar gidan. Tana ƙarama iyayenta suka tsallako da ita duwatsun Himalaya, suka yi shekaru suna fasa dutse a aikin hanya, kamar yawancin waɗanda suka fara isowa.

Da magariba kawun abokina ya shigo, dattijo mai aski ƙwal da jan mayafi a kafaɗa ɗaya. Na miƙe na gaishe shi da gaisuwar da aka koya mini, na ce “Tashi delek, Lama.” Ya amsa da fara'a, ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu. Sai da muka kwanta abokina ya ce mini a hankali: “Gobe ka ce masa Geshe-la. Ya yi shekara ashirin yana neman sunan nan.”

Ashe ba duk mai jan mayafi ne Lama ba. Wanda ya shiga gidan zuhudu trapa ake ce masa. In ya ɗauki cikakken alkawari, mai dokoki 253, ya zama gelong. Mace kuwa a bakin jama'a Ani-la ce. Kalmar lama fassara ce ta guru ta harshen Sanskrit, ana nufin jagoran da mutum ya miƙa wa ragamar tarbiyyar zuciyarsa, kuma akwai lamomin da ba su taɓa ɗaukar alkawarin zuhudu ba, suna da mata da 'ya'ya. Daga daren nan na buɗe kunne, na fara lura da wa ake kira da me. Abin da ya fi bikin kansa zama a raina ke nan.

Abu na farko da na gano shi ne Momo-la ba ta cewa Dalai Lama. Hotonsa na nan a bangon ɗakinta, an yafa masa farin ƙyalle, da ƙananan kwanonin ruwa bakwai jere a gabansa, amma in za ta ambace shi sai ta haɗa tafukanta ta ce Gyalwa Rinpoche, wato mai nasara mai daraja. Wani lokaci ta ce Yeshe Norbu. In kuma muryarta ta yi ƙasa sosai sai ta ce Kundun, kalmar da ke nufin halarta kawai, kamar a ce “wanda ake gabansa”. Sunan da duniya ta sani rabinsa ma ba harshensu ba ne. A 1578 wani sarkin Mongol, Altan Khan, ya karɓi baƙuncin malamin Tibet mai suna Sonam Gyatso. Gyatso teku ne a harshen Tibet, dalai kuma teku ne a harshen Mongol, sai sarkin ya kira shi Dalai Lama. Aka lissafa shi na uku, aka mayar da laƙabin baya ga malamai biyu da suka riga shi, waɗanda suka rayu suka mutu ba su taɓa jin an kira su da shi ba. Na yanzu, Tenzin Gyatso, shi ne na 14. An haife shi ranar 6 ga Yulin 1935 a ƙauyen Taktser, a gidan manoma.

Tun kafin gari ya waye muka fita. Ranar Alhamis ce, 23 ga Mayu, tsakiyar Zulƙida a lissafinmu, wata ya cika fal yana shirin faɗuwa ta wajen kwarin Kangra. Su ma da wata suke lissafi, kuma kalmarsu dawa tana nufin watan sama da watan kwanaki duka, kamar yadda tamu take. Saga Dawa shi ne wata na huɗu a shekararsu. A ranar cikarsa suke tuna abubuwa uku game da Buda a haɗe: haihuwarsa a Lumbini, wayewarsa a Bodh Gaya, da rasuwarsa a Kushinagar. Sun yi imani cewa a watan nan ana ninka sakamakon aiki sau dubu ɗari, mai kyau da marar kyau, shi ya sa da yawansu suke barin cin nama, wasu su sayi dabbar da za a yanka su sake ta, kowa kuma ya buɗe hannu.

Ni Musulmi ne, kuma tun a mota na gaya wa abokina iyakata: ba zan rusuna wa mutum-mutumi ba, ba zan furta addu'arsu ba. Ya ce ba wanda zai nemi haka a wurina, kuma ba wanda ya nema. Nawa rakiya ne da riƙon jaka.

Lingkhor suke kiran hanyar, siririya ce da ta zagaye tudun da gidan Dalai Lama da babban ɗakin ibada suke, ta ratsa cikin dogayen itatuwa. Ana bin ta ne a bar tudun ta hannun dama. Ranar nan kuwa tun daga bakinta mabarata ne a jere hagu da dama, ɗaruruwa, Indiyawa da suka taso daga garuruwa na nesa domin wannan rana: makafi, kutare, guragu, mata da goyo, tsofaffin 'yan zuhudun Hindu masu kayan ruwan lemo. Momo-la na gaba da sandarta da carbinta mai ƙwaya 108, leɓenta na motsi da “Om mani padme hum”, ni ina biye da jaka a buɗe. Ta zura hannu, ta sunkuya, ta ajiye, ta matsa. Ba ta jefawa. Ko da bayanta ya fara ciwo, sai ta sunkuya ta sa a tafin mutum. Tafiyar da matashi zai yi cikin rabin sa'a sai da ta ci mana kusan sa'a uku.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda ke bayarwar. 'Yan gudun hijira ne, da yawansu da takardar zama da ake sabuntawa suke rayuwa, abincinsu daga sayar da rigunan sanyi a titunan biranen Indiya yake fitowa. Su ne suke sunkuyawa suna ba 'yan ƙasa. Na tambayi Momo-la, ta bakin jikanta, ko ba ta ganin wasu sun mai da abin sana'a. Ta ce ita ce ke da bukatarsu, don in babu mai karɓa ina mai bayarwa zai kai kyautarsa.

A tsakiyar hanya akwai fili da farar murhu mai kama da rumbu, hayaƙin ganyen shukpa na tashi daga cikinta, ƙamshinsa ya cika daji. Sama da kawunanmu tutocin addu'a ne a igiyoyi, shuɗi, fari, ja, kore, rawaya, kullum a wannan jeri. Da aka gama karatu jama'a suka yi sahu, kowa ya ɗebi tsampa, garin soyayyen sha'ir da shi ne tuwonsu, suka ɗaga hannu sau uku suna jan murya, a na ukun suka watsa shi sama da kirarin “Lha gyalo!” Gari ya sauko a kan kowa, tsofaffi na dariya suna kakkaɓe wa juna kafaɗa.

Da hantsi muka isa Tsuglagkhang, babban ɗakin ibadar. Ginin ba shi da wani ƙawa daga waje, siminti ne da fenti ruwan ƙwai, wanda ya gina shi bai yi niyyar daɗewa a baƙuwar ƙasa ba. Amma ranar ba masaka tsinke. Fitilun man shanu ɗaruruwa na ci, mutane na juya jerin turamen tagulla da aka cusa wa rubutattun addu'o'i, samarin trapa na ratsa sahu da manyan butoci suna zuba shayin man shanu mai gishiri, wasu na raba burodi. Na tsaya daga baranda ina kallo, a nan na ga yadda laƙabi yake zama abin da ido ke gani: tsayin abin zama. Kujerar Gyalwa Rinpoche ce mafi tsawo, ko ba ya nan ba mai hawa. Na ƙasa da ita manyan malamai, sai masu katifa biyu, sai masu ɗaya, sai sauran jama'a a tabarma.

A kan ɗaya daga cikin kujerun masu ɗan tudu wani yaro ne da bai wuce shekara takwas ba. Wani tsoho mai furfura ya matso a duƙe da khata, farin ƙyallen da suke miƙawa don girmamawa. Yaron ya karɓa, ya mayar masa da shi a wuya, ya ɗora ɗan tafinsa a kan furfurar. Abokina ya raɗa mini: “Tulku ne. Rinpoche ake ce masa.”

Tulku shi ne yaron da suka yarda cewa wani malami da ya rasu ne ya sake dawowa a jikinsa. Ana nemansa ta wasiyya, da mafarkin manya, da gwaji, a jera masa kayan mamacin cikin makamantansu a ga wanne zai ɗauka. Al'adar ta samo asali ne daga zuriyar Karmapa, wadda ta fara da Dusum Khyenpa da ya rasu a 1193, daga baya sauran ɗariƙu suka ɗauka. Rinpoche kuwa ma'anarsa mai daraja, kamar yadda ake faɗa wa dutse mai tsada. Kowane tulku Rinpoche ne, amma ana ba shugaban gidan zuhudu ma, a ce Khen Rinpoche, in ya sauka a ce Khensur Rinpoche. Manyan da suka kai maƙura ana sa musu Kyabje a gaban suna, wato majiɓincin mafaka.

Aƙidata ba ta karɓi dawowar rai a wani jiki ba, kuma ban ɓoye wa masu masaukina haka ba. Abin da na ji game da yaron tausayi ne. Na ga yana leƙen wasu yara da ke guje-guje a tsakar gida, malamin da ke kula da shi ya ɗan taɓa masa gwiwa, ya gyara zama. An ɗora masa nauyin sunan wani tun bai san nasa ba. Duk da haka ba zan ce na ga wasa a fuskar tsohon nan ba. Da ya ɗago, hawaye ne a idonsa, irin na wanda ya sake ganin malaminsa.

Da rana muka ci abinci da Geshe-la, shinkafa da wake da ganye, ba nama. A nan na zauna sosai, don shi mutum ne mai son tambaya, Turancinsa kuma ya isa hira. Geshe gajarta ce ta kalmomin da ke nufin abokin alheri, kuma digiri ne na ɗariƙar Gelug, wadda Tsongkhapa ya kafa, malamin da ya rayu daga 1357 zuwa 1419. Shi a makarantar zuhudu ta Drepung ya yi karatu, ba ta Lhasa ba, a'a, wadda 'yan hijira suka sake ginawa a Mundgod cikin jihar Karnataka. Fanni biyar ake bi: mantiƙi, kamalar hikima, falsafar tsaka-tsaki, ilimin rabe-raben halitta da zuciya, da dokokin zuhudu. Ana haddace matani da safe, a ji sharhi da rana, da yamma a fita fili a kare abin da aka fahimta a gaban abokan karatu. Mafi girman matakinsa Lharampa. A sauran ɗariƙun, Nyingma da Kagyu da Sakya, malamin da ya kammala irin wannan dogon karatu Khenpo ake ce masa.

Ya tambaye ni yadda muke yi a wajenmu. Na ce masa muna da Gwani, wanda ba ya samun sunan sai ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, malamai sun gwada shi sun gamsu. Muna kuma da Sharifi, wanda da sunansa aka haife shi. Ya yi shiru yana juya maganar, sannan ya ce to su ma haka, kuma sun daɗe suna ƙoƙarin kada na biyun ya danne na farkon. Ya kawo mini karin maganarsu: in ɗan da uwa ta haifa yana da ilimi, kujerar Ganden ba ta da mai ita. Nan na san cewa shugaban ɗariƙar Gelug ba Dalai Lama ba ne, Ganden Tripa ne, muƙamin da ake hawa ta karatu da girma a ilimi, a yi shekara bakwai a sauka. Ɗan makiyayi na iya kaiwa can. A ɗariƙar Sakya kuwa shugabancin na gidan Khon ne, gado ne daga kakanni. Kuma shi kansa Dalai Lama bai tsira daga jarrabawa ba: a farkon 1959, yana da shekara 23, ya zauna a ɗakin ibada na Jokhang a Lhasa lokacin babban taron addu'a na Monlam, malamai suka yi ta jifansa da tambayoyi a gaban dubban jama'a kafin a ba shi Lharampa.

Da ya zo kan mata sai muryarsa ta canza. Ɗaruruwan shekaru ba a ba mace wannan digiri. A 2011 wata 'yar zuhudu Bajamushiya, Kelsang Wangmo, ta zama ta farko da aka kira Geshe, a nan Dharamsala ta yi karatunta. A Disambar 2016 mata 20 'yan zuhudu suka karɓi digirin Geshema, wato Geshe ta mata, daga hannun Dalai Lama a Drepung. Geshe-la ya ce ya taɓa zama cikin masu yi wa irin waɗannan ɗalibai tambaya, kuma wata ta ɗaure shi da hujja har ya rasa ta cewa. Da alfahari ya faɗi haka.

Washegari da la'asar ya kai ni in ga muƙabalar da idona a tsakar gidan ibadar. Mai amsa na zaune a ƙasa, mai tambaya na tsaye a kansa da carbi rataye a dantse. Ya jefa tambaya, ya ɗaga ƙafa, ya tafa hannu da ƙarfi daidai da saukar ƙafar, kamar ya rufe ƙofa. Wanda ke zaune dole ya amsa nan take, a taƙaice: na yarda, ko me ya sa, ko hujjar ba ta tabbata ba. Fili ya kaure da tafi da ihu, kai ka ce faɗa ake, sai ka ga an tashi ana dafa kafaɗar juna. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na fi sa'a a tsaye. Mutumin da ya yi shekara ashirin ana yi masa haka kullum, na gane dalilin da ya sa ɗan 'yar'uwarsa bai so a kira shi da sunan da ba nasa ba.

A hanyar komawa gida, kusa da ƙofar gidan ibadar, akwai hoton wani yaro mai jajayen kumatu, irinsa na manne a bangaye da shaguna ko'ina a garin. Gedhun Choekyi Nyima ke nan, an haife shi a 1989. Ranar 14 ga Mayun 1995 Dalai Lama ya bayyana shi a matsayin Panchen Lama na 11. Laƙabin haɗin gambiza ne, pan daga pandita ta Sanskrit, chen daga kalmar Tibet mai nufin babba, wato babban masani, kuma shi ne na biyu a daraja a ɗariƙar Gelug. Bayan kwana uku hukumomin Sin suka tafi da yaron da iyayensa, ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba. Suka naɗa wani yaron, Gyaincain Norbu, a madadinsa. Gwamnatin Sin na cewa yana nan lafiya yana rayuwarsa, ba ya son a dame shi. A 2007 ta kafa dokar da ta ce ba wanda za a amince da shi a matsayin tulku sai da izininta. Shekara guda bayan tafiyata, ranar 2 ga Yulin 2025, Dalai Lama ya sanar cewa za a sami magajinsa, kuma gidauniyar Gaden Phodrang da ya kafa ce kaɗai ke da ikon nemo shi. Momo-la ba ta wuce hoton nan sai ta tsaya. Panchen Rinpoche take ce masa, mutumin da yanzu ya haura shekara talatin, ita kuwa fuskar ɗan shekara shida kawai ta sani.

Sallolina a bayan shagon wani Bakashmire mai sayar da darduma na riƙa yi. Shi ya ba ni labarin Kache, Musulmin Tibet, waɗanda sunansu ma daga Kashmir ya samo asali. Kakanninsu fatake ne da suka zauna a Lhasa suka auri matan garin, Dalai Lama na biyar ya ba su filin masallaci da maƙabarta a ƙarni na 17. Bayan 1959 da yawansu suka fito, suka zauna a Srinagar. Da na faɗa wa Momo-la, sai ta ce ai ta sani, mahaifiyarta takan ce ba wanda ya kai Kache iya magana da harshen Lhasa mai ladabi.

Ranar da za mu sauka, na fito da kayana na tarar da ita a bakin ƙofa da jakar nan ta tsumma. Ta wanke ta, ta cika ta da tsampa, ta ɗaure bakin da zariya. Geshe-la ya yafa mini khata a wuya, na gode masa da harshensu na ce “Thuk je che, Geshe-la,” ya gyaɗa kai. Ita kuma ta riƙe hannun rigata tana magana da sauri, jikanta na fassarawa: in zuba shayi mai zafi a kwano tukuna, in sa man shanu, sannan garin, in murza da yatsu har ya dunƙule, kada in kuskura in dama shi da ruwan sanyi.

“Bu,” ta ce, “jakar aro ce. Ka dawo mini da ita a Losar, bikin sabuwar shekararmu.”